Yadda Ake Shirya Tafiya Zuwa Bikin Tshechu a Masarautar Butan

Butan ƙaramar masarauta ce da ke cikin tsaunukan Himalaya, Indiya na kudu da ita, yankin Tibet na ƙasar Sin kuma yana arewa, kuma mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Sai a shekarar 1974 ta fara karɓar masu yawon buɗe ido, har yau kuwa da taka-tsantsan take karɓarsu, domin baƙo yana biyan haraji a kan kowane daren da ya kwana, kuma yawancin ƙasar ba a shigarta sai da ɗan jagora mai lasisi. Abin da ya fi jan baƙi zuwa can shi ne tshechu, wato bikin addinin Buda da kowace gunduma take yi sau ɗaya a shekara. Ma'anar kalmar a Dzongkha, harshen ƙasar, ita ce “rana ta goma”, saboda ana danganta goma ga wata da Guru Rinpoche, malamin da ake kuma kira Padmasambhava, wanda mutanen ƙasar suka yarda shi ne ya kafa addinin a wurinsu a ƙarni na 8.

Wanda zai yi wannan tafiya ya fara sa wa ransa cewa wurin ibadar wasu zai je. Manoman da suke saukowa daga ƙauyukan kan tudu da 'ya'yansu da tukwanen abincinsu suna zuwa ne da imanin cewa kallon raye-rayen yana kawo albarka kuma yana kankare zunubi. Duk sauran shirin, daga zaɓen rana zuwa irin rigar da za a sa, daga nan yake tasowa.

Da kwanan wata ake farawa. Ana sa ranar tshechu ne bisa kalandar wata ta Butan, don haka takan matsa gaba ko baya a kalandar Miladiyya daga shekara zuwa shekara, wani lokaci da makonni. Kada a dogara da ranar bara. A nemi jadawalin shekarar da za a yi tafiyar daga hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, sannan a sa kamfanin da zai shirya tafiyar ya tabbatar da ita a rubuce kafin a biya kuɗin jirgi. Bikin garin Paro kwana biyar ne, yana faɗuwa a watan Maris ko Afrilu. Na Thimphu, babban birnin ƙasar, kwana uku ne a Satumba ko Oktoba, a filin da ke gefen Tashichho Dzong, babban ginin mulki da ibada na birnin. Waɗannan biyun su ne mafiya cika, kuma ɗakunan otal da kujerun jirgi sukan ƙare tun da watanni, saboda haka wanda ya zaɓe su ya kama wuri da wuri, wata shida kafin lokaci bai yi yawa ba. A Punakha, cikin Fabrairu ko Maris, kafin tshechu ana yin wani biki da ake kira drubchen, inda mazajen yankin suke sa kayan yaƙi na dā suna kwaikwayon yadda aka kori rundunar Tibet a ƙarni na 17, zamanin Zhabdrung Ngawang Namgyal wanda ya haɗe kan ƙasar. A Bumthang kuma, can tsakiyar ƙasar, akwai bikin Jambay Lhakhang a Oktoba ko Nuwamba.

A ganina, wanda zai je karon farko ya zaɓi biki ɗaya ya ba shi kwana biyu ko uku cikakku. Kamfanoni da yawa sukan tsara tafiya ta yadda baƙo zai leƙa bikin na rabin yini, ya ɗauki hotuna, a wuce da shi wani gari. Wannan tsari yana cinye kuɗi ba tare da mutum ya fahimci komai ba, domin raye-rayen suna da jeri, na yau yana shimfiɗa wa na gobe, kuma abin da ya fi girma a wurin masu bikin sai ranar ƙarshe yake zuwa.

Batun kuɗi a bayyane yake. Tun daga Satumban 2023 harajin da gwamnati ta ɗora wa baƙo, wanda ta ce don raya ƙasa da kare muhalli ne, dala 100 ne a kowane dare, kuma an sanar cewa haka zai tsaya har ƙarshen Agustan 2027. Yaran da ke tsakanin shekara 6 da 12 rabi ake biya musu, waɗanda ba su kai 6 ba kuwa ba a biya musu komai. Kuɗin biza dala 40 ne, ta intanet ake nemanta, kuma fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Ke nan mai kwana bakwai zai biya dala 740 kafin a zo maganar masauki da abinci da mota da ɗan jagora, domin harajin bai ƙunshi ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan kamfani ya turo farashi a dunƙule, a nemi ya warware shi dalla-dalla, a ga ko harajin da kuɗin shiga wuraren tarihi suna ciki. Kuɗin ƙasar sunansa ngultrum, darajarsa ɗaya da rupi na Indiya, kuma yana da kyau a riƙe tsabarsa, saboda a wajen manyan garuruwa ba ko'ina katin banki yake aiki ba.

Sai ɗan jagora, wanda a nan ne tafiyar take yin kyau ko ta lalace. Doka ta wajabta shi ga duk wanda zai wuce Paro da Thimphu, amma ko ba don doka ba, wanda ya zauna a filin tshechu babu mai yi masa bayani zai ga mutane ne kawai sanye da fuskokin katako suna juyi awa bayan awa, kafin azahar ya gaji. Saboda haka kada a bar wa kamfani zaɓen shi kaɗai. A nemi sunan wanda za a haɗa mutum da shi, a tabbatar yana da lasisi, a tambaya ko ya saba kai baƙi wannan bikin takamaimai, kuma in da hali a yi magana da shi ta waya kafin tafiya. Tambaya ɗaya takan nuna gwani: a ce ya faɗi rayen da za a yi a rana ta biyu da abin da suke nufi. Wanda ya san aikinsa zai amsa nan take, ya kuma faɗi ƙarfe nawa ya kamata a isa filin da kuma gefen da rana ba ta dukan fuska. A tambayi yawan mutanen da za su kasance a ayarin, domin idan sun kai ashirin, ga ƙarar ganguna da kakaki, na baya ba zai ji bayanin ba. A ƙarshen tafiya an saba ba ɗan jagora da direba tukuici, don haka a ware musu tun daga gida.

Yawancin baƙi ta filin jirgin saman Paro suke shiga, kuma kamfanoni biyu na ƙasar, Drukair da Bhutan Airlines, su ne ke jigila daga birane irin su Delhi da Kolkata da Katmandu da Bankok. A bincika ko ƙasar da za a yada zango tana buƙatar bizar wucewa. Filin yana cikin kwari ne a tsakanin tsaunuka, da rana kawai jirgi ke sauka, kuma hazo ko iska na iya jinkirta tashi, don haka a bar tazarar kwana guda tsakanin jirgin Paro da babban jirgin komawa gida. Paro tana kusan mita 2,200 sama da teku, Thimphu ta ɗan ɗara haka, mashigin Dochula da ake bi zuwa Punakha kuwa ya kai kusan mita 3,100. Wanda bai saba ba zai iya jin haki da ciwon kai a kwanakin farko. Ya isa ƙasar kwana biyu kafin bikin, ya yawaita shan ruwa, ya kuma bar hawan Taktsang, wurin ibadar nan da ke liƙe a jikin dutse kusan mita 900 sama da kwarin Paro, sai ƙarshen tafiya bayan jiki ya saba.

Ranar biki mutanen Butan sukan fito da mafi kyawun kayansu, maza da riga mai suna gho da mayafin kabney a kafaɗa, mata da tufa mai suna kira ta saƙar hannu wadda wata takan ɗauki watanni ana saƙawa. Ba a wajabta wa baƙo sa kayan ƙasar ba, amma ana so ya rufe hannuwa da ƙafafu, ya cire hula idan ya shiga dzong, wato katafaren ginin nan mai kaurin bango da ya haɗa ofisoshin gunduma da mazaunin masu zuhudu. A ɗakin ibada ana cire takalmi kuma ba a ɗaukar hoto. Idan za a kewaya wurin ibada, a bar shi a hannun dama. Ba a nuna mutum-mutumi ko babban malami da yatsa, da buɗaɗɗen tafin hannu ake nunawa. Ba a shan taba a filin, ba a kuma ratsa wurin rawa don neman hoto mai kyau. A zo da abin shimfiɗa da rigar sanyi da ruwa, saboda a ƙasa ake zama, safiya da sanyi, tsakar rana kuma zafin rana a kan tudu yana da ƙarfi. Gaisuwar “kuzuzangpo la” da godiyar “kadrinche la” sun isa su sa iyalin da ke gefe su matsa wa baƙo wuri.

Raye-rayen, waɗanda ake kira cham, masu zuhudu ne da mazajen gari suke yin su, da ganguna da faifan tagulla da algaita da dogayen kakaki masu zurfin murya. Da yawa daga cikinsu ana jingina su ga Pema Lingpa, wanda ya rayu daga 1450 zuwa 1521. Akwai rawar baƙaƙen huluna ta tsarkake fili, akwai rawar gangunan ƙauyen Drametse ta mutum goma sha shida masu fuskokin dabbobi, wadda hukumar UNESCO ta karrama a 2005. Wadda nake roƙon kowa ya zauna mata daga farko har ƙarshe ita ce Raksha Mangcham, rawar shari'ar matattu. Ana shigo da ƙaton siffar Shinje, sarkin mutuwa, riƙe da madubin da ke nuna ayyukan mamaci, fadawansa masu kawunan dabbobi suna zaune a layi biyu. Sai a kawo wani maharbi yana rawar jiki, baƙin aljani yana lissafa laifuffukansa, wani mai farar fuska yana nema masa sassauci, ana auna baƙar tsakuwa da fara a kan ma'auni, daga ƙarshe a ja shi ta kan baƙin ƙyalle. Bayansa mutumin kirki ya zo, a bi da shi ta kan fari. Takan ɗauki fiye da awa biyu. A lokacin ya kamata baƙo ya ajiye kyamara ya dubi tsofaffin da ke kusa da shi, yadda suke jan carbi leɓunansu na motsi, domin a imaninsu wanda ya saba da waɗannan fuskoki yana raye ba zai firgita ba idan ya gamu da su bayan mutuwa.

Akwai abubuwa biyu da ya dace a sani tun kafin a je, musamman ga mai tafiya da iyali. Masu barkwancin bikin, waɗanda ake kira atsara, suna sa jar fuska mai dogon hanci, suna tsokanar 'yan kallo, kuma sukan riƙe sassaƙen katako mai siffar al'aurar namiji, wanda a al'adar ƙasar alama ce ta korar sharri. Sukan zo wurin baƙi neman 'yan kuɗi, ƙaramar takarda ta wadatar. A bikin Jambay Lhakhang kuma akwai wata rawa da maza suke yi tsirara da tsakar dare, an hana ɗaukarta hoto. Wanda bai so ya gani ya faɗa wa ɗan jagora, babu mai ganin laifinsa. Haka kuma wanda ba mabiyin addinin Buda ba ne ba a sa ran ya yi sujada ko ya shiga layin karɓar albarka. Ya tsaya gefe cikin natsuwa, hakan ma girmamawa ce a wurinsu.

Abincin ƙasar jar shinkafa ce da ema datshi, wato barkono da aka dafa da cuku, mai yaji ƙwarai, sai shayin man shanu da gishiri mai suna suja. Naman alade yana da yawa a girkinsu, ana kuma miƙa wa baƙo giyar gida mai suna ara, don haka mai kiyaye abin da yake ci ya sanar da kamfani tun wajen biyan kuɗi. Samun abinci marar nama ba ya wahala.

Wanda ya zaɓi Paro ya kwanta da wuri a daren ƙarshe, ya ce wa ɗan jagora ya tashe shi tun tsakar dare. Kafin asuba ake warware thongdrel, wani ƙaton ƙyallen siliki mai ɗauke da surar Guru Rinpoche, wanda yake rufe gaban gini mai hawa da yawa, kuma sunansa yana nufin samun 'yanci ta hanyar gani. Sanyi yakan yi tsanani, fitilun man shanu suna ci a jere a gabansa, mutane dubbai suna tafiya a layi sannu a hankali don su taɓa gefensa da goshi. Ba a bari hasken rana ya sauka a kansa, saboda haka da gari ya fara wayewa ake naɗe shi a mayar da shi cikin dzong sai baɗi. Wanda ya tsaya karin kumallo a otal zai tarar an riga an naɗe.