Yadda za ka ci abinci a gidan abincin 'yan China ka tashi a ƙoshe

Mu Katsinawa yawanci sai hanya ta kai mu Kano ko Abuja muke faɗawa gidan abincin 'yan China. Akwai wanda nake leƙawa a Kano duk sa'ad da na je sari Kantin Kwari, amma ranar farko da yunwata na fito. Laifina ne. Na je ni kaɗai, na nuna abu guda a takarda, aka dire mini faranti cike da kabeji da 'yan yankan nama, ba shinkafa ba komai.

Saboda haka abu na farko, kada ka je kai ɗaya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar. Cin nasu na taron dangi ne, kamar yadda muke kewaye tire: ana jera komai a tsakiya, sau da yawa a kan faifan gilashi mai juyawa, kowa ya ɗiba a ɗan kwanonsa. In kun kai ku biyar, ku ce a kawo naman sa, kaza, kifi ko jatan lande, ganye kala ɗaya, sannan soyayyiyar shinkafa da taliya. Shinkafar daban ake faɗinta, ba ta biyo nama da kanta.

Kafin ka zaɓi komai, yi tambayar halal, kuma kada kunya ta hana ka. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a China, kuma ba a faranti kaɗai yake ɓuya ba. Yakan shiga cikin romo, ko cikin ƙullin fulawar nan da ake turarawa, wani lokaci ma da kitsensa ake suya. Akwai kuma giyar shinkafa ta girki, wadda ta garin Shaoxing ta fi suna, ana ɗan zuba ta a nama don kashe ƙarni. Ka kira mai kawo abinci ka ce, "Malam, don Allah akwai alade ko giya a wannan? Kasko ɗaya kuke amfani da shi? Wa yake muku yanka?" Galibi masu hidimar 'yan gida ne, za su faɗa maka gaskiya. In ka ga yana kame-kame, ka tashi salin-alin. Su kansu 'yan China suna da Musulmi, irin su 'yan ƙabilar Hui, kuma kalmarsu ta halal ita ce "qingzhen", ana furta ta kamar cing-jan. Faɗe ta ga mai gidan, zai gane inda ka dosa.

Sai batun yaji. Girkin yankin Guangdong lafiya lau ne, har Bakatsine zai ce salam. Na Sichuan kuwa akwai wani ɗan ƙwaya a ciki da ke sa leɓe ya yi zuuu kamar an yi maka allurar kashe zafi. Ba irin zafin attaruhu ba ne, fara da kaɗan. Baƙin ruwan waken suya da ke kan tebur gishiri ne zalla, ɗigo biyu ya isa.

Tsinkayen cin abinci: kwantar da na ƙasa a gindin babban yatsa, ya jingina da yatsan zobe, kada ya motsa. Na sama ka riƙe shi kamar biro, shi kaɗai ke hawa da sauka. In ya gagara, nemi cokali, ba wanda zai kalle ka. Abu ɗaya dai, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, domin a wurinsu ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

Shayinsu ba sukari ba madara, kuma yana wanke maiƙo. Zuba wa na kusa da kai kafin kofinka.

Da lissafi ya zo, duba ƙasan takardar. Akan ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wasu gidajen har da kuɗin hidima, don haka ku tanadi abin da ya ɗara wanda kuka gani a jeri. Abin da ya rage a zuba muku a roba. In da jatan lande a ciki kuma rana ake ƙwallawa, ku cinye shi kafin mota ta wuce Bichi, kada ku ce sai Kankiya.