Kurakuran da Sababbin Marubuta ke Yi Idan Suna Rubuta Soyayyar da Ta Same Su

Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka fara cika kasuwannin Kano, har zuwa yau da rubutun ya koma manhajar Wattpad da zaurukan WhatsApp, mafi yawan masu farawa da labarin kansu suke farawa. Ba laifi ba ne. Matsalar ita ce da yawa suna da labari na gaske a hannu, amma idan suka zauna rubutawa sai ya fito kamar na kowa. Zan yi magana da mata domin su suka fi yawa a harkar, amma maza ma kada su ce ba da su ake ba.

Babban kuskure shi ne aron kaya. Saurayin da ya zo zance wurinki a kan babur, sai ga shi a takarda ya zama ɗan minista da ya yi karatu a Ingila. Ke kuma kin zama fara sol, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Mai karatu ya ga wannan yarinyar sau ba adadi, ba zai tuna ta ba. Abin da ba shi da shi shi ne abin da ke kaɗai kika gani. Yaron maƙwabta da aka aiko ya leƙo tsakar gida ya ce wai ana sallama da ke, da murya mai ƙarfi a gaban Baba. Tabarmar da kika shimfiɗa a zaure, da sauron da ya hana shi ƙarasa maganar da ya kwana yana shiryawa. Ƙanwarki da ta maƙale a bakin ƙofa, ta ƙi tafiya sai da ya ba ta kuɗin alawa. Waɗannan ki rubuta. Idan jimla ta zo miki da sauƙi, irin su "zuciyarta ta narke" ko "hasken idanuna", ki tsaya ki tambayi kanki: a ranar, me na yi da hannuna, ina na kalla?

Haka maganar da ake sa wa mutane a baki. A gidajenmu ba kasafai ake furta so kai tsaye ba. Namiji zai ce "Kin ci abinci kuwa?" ko "Na ga ba ki ɗauki waya ba jiya, na ce ko lafiya." Mace kan yi shekaru ba ta kama sunan mijinta ba, amma ta san yadda yake son shayinsa. Wannan kunyar ba cikas ba ce ga marubuci, ita ce ma ke sa kalma ɗaya ta yi nauyi idan ta fito. Wanda ya cika shafi uku da kalaman fim ɗin Indiya ya zubar da ita.

Sai rubutu cikin zafi. An yaudare ki, ko an sa rana an kawo lefe sannan aka fasa, sai kika ɗauki waya a makon kika fara babi na ɗaya. Irin wannan rubutun ana gane shi tun daga shafin farko: jarumar ba ta taɓa yin laifi ba, shi kuwa shaiɗan ne tun daga haihuwa. To idan haka yake, me ya sa ta so shi? Mai karatu zai yi wannan tambayar, kuma idan babu amsa, labarin ya rushe. Ki rubuta abin da ke ranki don ki huce, ki ajiye, kada ki saki. Bayan wasu watanni ki dawo ki rubuta babi guda da idonsa: me mahaifiyarsa ta ce masa, wane bashi ke kansa, wace magana kika faɗa da ta tsaya masa a rai. Ba wanke shi za ki yi ba. Mutum za ki mayar da shi.

Tona asiri kuma ya fi duka haɗari. Canja suna kaɗai bai isa ba, idan kin bar unguwar, da sana'arsa, da sunan kishiyar. Abin da aka tura zauren WhatsApp ɗaya da safe, kafin magariba ya isa wayar dangin miji. Ki sauya gari, ki sauya aiki, ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Dubi marubuciya Balaraba Ramat Yakubu: an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma karatu a ajin manya. A littafinta Wa Zai Auri Jahila? ta rubuta yarinyar da aka yi wa irin wannan, amma ta ba ta nata suna da tata hanya. Ciwon nata ne, labarin kuwa ƙagagge.

Akwai kuma masu cewa "ai haka abin ya faru" idan aka ce su rage. Faruwarsa ba hujja ba ce. Gaisuwar "ina wuni, ya gida, ya su Mama" ba sai ta ci rabin shafi ba, kuma ba kowace tafiya biki ce za ta shiga ba. Mai son gwada kanta ta rubuta abin a matsayin gajeren labari irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016; ƙarancin wuri zai tilasta mata zaɓen dare ɗaya ko hira ɗaya da komai ya juya a cikinta.

Idan an zo ƙarshe, ba sai kin ɗora wa'azi ba. In dai kin nuna abin da auren dole ko cin amana ya jawo, mai karatu ya gani da idonsa, kuma shafin nasihar shi ne wanda aka fi tsallakewa.