Yadda za ka tsare wa ɗan takararka ƙuri'a in ba mai kuɗi ba ne

Ni tela ne a unguwar Yelwa, nan Garwa. A zaɓen kansiloli da 'yan majalisa na 9 ga Fabrairu 2020 na zauna wakili a rumfar zaɓe, ba wanda ya ba ni ko dala. Samari na yawan tambayata yadda ake yi, shi ya sa na rubuta.

Tun daga ƙofa kuɗi ke tace mutane. Dokar zaɓe ta 2012 ta sa mai neman shugabancin Kamaru ya ajiye sefa miliyan 30, ɗan majalisa miliyan 1, kansila 50,000. Kansiloli kuma a jeri ake tsayar da su, mafi ƙanƙantar jeri mutum 25, wato 1,250,000 kafin a buga fosta ko ɗaya. Mai hali zai ƙara da atamfa mai hotonsa, da buhunan shinkafa, da mai a tankin 'yan babur. Kada ka ce za ka yi gasa da shi a nan, ba a ja da kogi. Ƙarfinka ka kai shi rumfa.

Fara da katinka. ELECAM, hukumar zaɓen Kamaru, na yin rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, ga duk wanda ya cika shekara 20. Wakili dole ya kasance mai rajista a rumfar da zai zauna, kuma sunansa ya isa ofishin ELECAM na ƙaramar hukuma kwana 6 kafin zaɓe. Bi sawu da ƙafarka. Wani abokina an manta da sunansa, ya yini a bakin taga yana leƙe.

Kamfen sati biyu ne. Ni gida gida na bi bayan la'asar, inda aka san ni, in yi sallama in zauna a zaure. Wata dattijuwa ta ce min, "Ɗana, na riga na karɓi jaka biyu, na ci haram in na juya?" Na ce, "Inna, kuɗin nan ba ke kika roƙa ba, kuma bayan labule daga ke sai Allah." Ban ce ta mayar ba. Wanda bai ɗora tukunya ba tun jiya, ba da wa'azi ake fara masa ba.

Ga inda nake so ka buɗe ido sosai. A nan kowane ɗan takara da takardarsa daban: ka sa ɗaya a ambulan, ka jefa sauran a buhun shara. Masu sayen ƙuri'a sai su ce a fito musu da ragowar takardun a aljihu, shaida ce cewa nasu aka zaɓa, sannan su biya. Tun da safe ka roƙi shugaban rumfa, cikin ladabi, a ajiye buhun a bayan labule, a riƙa tuna wa kowa ya zubar da ragowar kafin ya fito.

Ana buɗewa ƙarfe 8, a rufe ƙarfe 6. Je da ruwanka, da ƙosanka ko dabino, da biro, da tocila, da waya cike da caji. Wajen azahar wani ya zo min da kula ta shinkafa da nama, ya ce in fito inuwa in huta. Na gode masa, ban tashi ba. Salla ma sai da na bar wani amintacce yana kallon akwati daga ƙofa.

A nan cikin rumfa ake ƙirga, a gaban jama'a. Rubuta adadin kowa a littafinka. Takardar sakamako, wadda muke kira PV, kada ka sa mata hannu tana fanko, ko an ce dare ya yi. Karanta alƙaluman, ka gwada da naka, in akwai ƙorafi a rubuta shi a jikinta. Karɓi kofinka, ka ɗauke shi hoto a wurin, ka tura wa mutum biyu ta WhatsApp, sannan ka kai takardar da hannunka ga wanda ya tura ka a daren nan.