Yadda ake gwada DEHP a ruwan famfo

Da farko dai, ƙaramar na'urar TDS ɗin nan da ake tsomawa a kofi ba ta ganin DEHP, kada ka ɓata kuɗinka. Narkakken gishiri take aunawa. Shi DEHP sinadari ne da ake haɗawa da robar PVC don ta yi laushi, irin ta tiyon ban-ruwa, kuma ɗan abin da ke shiga ruwa ba ya canza launi balle ɗanɗano. Sai ɗakin gwaji mai na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta gano kowanne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakarsa a maikirogiram 8 cikin lita guda (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), Amurka kuwa 6.

Kira ɗakin gwajin ka tambaye su ƙiri-ƙiri ko suna auna shi, domin da yawa ƙwayoyin cuta da ƙarafa kawai suke dubawa. In suna yi, karɓi kwalabensu: na gilashi mai duhu, murfin da shafin Teflon. Gaya musu in ruwan na da kulorin.

Wajen ɗiba ne ake faɗuwa. Ni a karon farko kwalbar ta ƙi shiga ƙarƙashin famfon tsakar gida, sai na jona guntun tiyo, ga safar hannu ta roba wai ina tsafta. Sakamako ya fito sama, hankalin gida ya tashi, ashe tiyon na auna. Saboda haka roba ko wace iri kada ta kusanci ruwan: ba mazurari, ba jarka, ba leda a bakin kwalba. Ranar kada ka shafa turare ko mai. Saki famfon ya zuba kamar minti biyar, rage ƙarfinsa, cika kwalbar kai tsaye, kada yatsa ya taɓa cikin murfi.

Sannan nemi kwalba ta biyu mai tsabtataccen ruwan ɗakin gwajin, ka buɗe ta gefen famfon lokacin ɗiba, ka rufe. Kuɗi zai ƙaru, na sani, amma ni ba na yarda da sakamakon da ba shi da ita, don DEHP har cikin ƙura yake. In ita ma ta nuna sinadarin, sai a sake ɗiba.

Rubuta rana da wurin ɗiba a jikin kwalaben, saka su cikin kula mai ƙanƙara, kai wa ɗakin gwajin a ranar.