Baƙin mai na gama-gari ya isa idan kana juye da wuri

Jama'a, ga masu tambayar ko dole sai sintetik (baƙin man da aka haɗa ta hanyar kimiyya): in dai kana yi wa motarka juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, mai na gama-gari mai kyau ya wadatar. Fifikon sintetik shi ne jure zafi da daɗewa bai lalace ba, to in za ka zubar da shi tun da sauran ƙarfinsa, kuɗinka ka zubar.

Amma fa ka duba murfin da ake zuba mai ko littafin motar. In an rubuta 0W-20 (lambar da ke nuna kaurin mai), ko injin mai turbo ne, kada ka kuskura, sintetik ɗin za ka saka. Kuma kar bakanike ya ɗura maka 20W-50 don kawai shi ya saba sakawa a tsofaffin Golf. Kaurinsa ya yi wa sababbin injina yawa, ba ya saurin hawa saman inji da safe.

Ni abin da ya fi damuna jabu ne. Ko galan na da kyan gani, in ka ga hatimi a karye, ko murfi da alamar an taɓa buɗewa, ajiye musu abinsu. Ka saya a hannun dilan da ka sani, a buɗe a gabanka, ka ga alamar API (shaidar ingancin mai ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka) a jiki.

A canja filta a kowane juye. Lokacin hunturu kuma a leƙa filtar iska, don ƙura ta nan take bi ta shiga inji. Mai yawan tsayawa a cunkoso ko gajerun tafiye-tafiye cikin gari, ya rage tazarar juyen kaɗan.