Yadda Ake Neman Sa Hannun Fitaccen Mutum a Katsina Ba Tare da Zubar da Mutunci Ba

Tun da wayoyi masu kyamara suka wadata, hoto ne abin da matasa suka fi nema idan sun yi kiciɓis da ɗan fim ko ɗan ƙwallo, amma hoto yakan bi waya ranar da aka sace ta, alhali sa hannu a kan littafi ko riga yana iya kaiwa ga jikoki. Yawancin waɗanda ake hanawa, rashin sanin lokacin tambaya ne yake jawo musu.

Mai son 'yan ƙwallo ya nufi filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Karkanda, gidan Katsina United, sai dai ranar wasa ba ita ce ta fi dacewa ba, domin kafin a take leda hankalin ɗan wasa yana kan fili, bayan an tashi kuma, idan an ci su, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ranar atisaye ta fi sauƙi, musamman lokacin da suka kammala suna tafiya wajen motarsu. Marubuci ya fi kowa sauƙin samu: ka halarci taron ƙaddamar da littafinsa, ka sayi kwafi da kuɗinka, ka buɗe masa shafin farko, ka faɗi sunanka a fili don kada ya rubuta Sani a maimakon Sanusi. 'Yan fim da mawaƙa kuwa, idan sun zo wasan Sallah ko biki, ta hannun yaransu ake bi, kuma wanda ya raina yaron da ke riƙe da jakar maigida zai daɗe a tsaye.

Ka zo da kayanka a shirye. Biro ya isa ga littafi da bayan hoto, riga kuma tana buƙatar alƙalamin maka mai tawadar da ba ta gogewa, tare da ɗan kwali da za ka cusa ƙarƙashin yadin ka ja shi ya miƙe, in ba haka ba rubutun zai karkace. Kada ka miƙa farar takarda, domin mai hankali ba ya sa hannu a inda wani zai iya rubuta takardar bashi daga sama.

Magana kuma ta zama gajera. Ka yi sallama, ka ce: "Yallaɓai, sannu da ƙoƙari, don Allah a sa mini hannu a nan." Idan mace ce ka kira ta Hajiya, ka ba da tazara, kada ka miƙa mata hannun gaisuwa. Abin da ya fi ɓata wannan harka a wajenmu shi ne a fara da yabo a ƙare da roƙo, wani ya nemi kuɗin mota, wani ya nemi a saka shi a fim, har fitattun mutane suka koyi ɗaure fuska tun daga nesa. Idan ya ce yana sauri, ka yi masa fatan alheri ka ba shi hanya. Masallaci, zaman makoki, asibiti da wurin cin abinci duk ba wuraren wannan buƙata ba ne, komai kusancin da ka samu.

Akwai kuma waɗanda ba a tunkara da biro sam. A Hawan Sallah a Ƙofar Soro, ko a Sallar Gani ta Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, rabon talaka da Sarki jinjina ce, kuma dogarai ba za su tsaya sauraron bayaninka ba. Babban malami addu'a ake nema a wurinsa, amma idan yana da littafi, sai ka ba wani ɗalibinsa na kusa ya shigar maka da shi.

Bayan ka samu, ka rubuta ranar da wurin da fensir a gefe, domin mantuwa ba ta da wuya. Hasken rana yana kashe tawada, laimar damina da gara suna cin takarda, saboda haka ka sa ta cikin ambulan a akwatin da ba ya taɓa ƙasa, kuma kada ka kai ta shagon da ake like takardu da leda mai zafi, domin ledar ba ta ɓaruwa bayan haka. Rigar da aka sa wa hannu kuwa ta daina shiga wanki ke nan, sai dai a ninke ta a adana.