Yadda zaka fara koyon kokowa ba tare da ka karya kanka ba

Kowace shekara da an gama kokowar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar wadda zakaranta ke ɗaukar takobi, sai ka ga samari sun cika rairayin bayan gari da sahe, kowa na son zama Isaka Isaka, ɗan kokowar Doso da ya ɗauki takobi sau da yawa, amma kafin sanyi ya wuce rabinsu sun watse, wani kafaɗa ta goce, wani guiwa ta kumbura, wani ya koma fada wajen shayi. Kuma wallahi ba rashin ƙarhi ba ne, yaron da ya tashi shina noma cikin duwatsun Adar ba a yi mishi gorin ƙarhi. Inda suke farawa ne ba daidai ba, kowa so shike ranar farko shi kada mutum. To kayarwa ita ce ta ƙarshe wajen koyo, akwai abubuwa gabanta.

Fara da neman maigida. Ka faɗa ma mahaifinka tukuna, in ya sa albarka ka nemi tsohon ɗan kokowa na unguwarku ko ƙauyenku, da wuya ka rasa shi ko Ilela kake ko Buza ko Keita ko Madawa. Ka tahi gidanshi ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce baba na zo ne ka riƙe ni ka koya mini. Wataƙila shi sa ka sharar hili, tsintar duwatsu da kwalba da ƙaya cikin rairayi, ɗauko ruwa ma manya, kar ka ga kamar wulaƙanci ne, hankalinka shike aunawa kuma hilin da ka share kai ne zaka faɗi cikinshi. Bidiyon portabul na da amfani wajen kallon yadda manya ke kamu, amma ba shi iya ce maka ɗaga kanka, ƙafarka ta baya ta yi nisa.

Abu na farko da zaka koya tsayuwa ce. Buɗe ƙafafu su ɗan hi faɗin kafaɗa, guda gaba guda baya kaɗan, lanƙwasa guiwa, sauke ƙugu ƙasa, baya a miƙe, kai sama. Yara da yawa duƙawa suke da baya maimakon guiwa, kansu na kallon ƙasa, irin wanga ko ba a yi wata dabara ba ana danna ƙeyarshi ya tahi. Idonka ya zauna kan ƙirji da ƙugun abokin karawa, don hannu na ruɗi, ido na ruɗi, amma inda ƙugu ya nufa nan mutum za shi. In zaka gusa kar ka harɗe ƙafa, wadda ke gefen da ka nufa ita ka fara ɗagawa ɗayar ta biyo ta, kuma kar ka ɗaga ta sama sosai, ja ta kusa da rairayi. Ka samu aboki shi dinga turarka shina jan ka ta ko'ina kai kuma aikinka kawai kar ka goce daga tsayuwarka, minti biyu ku huta ku sake. Cinya zata yi zahi kamar an zuba barkono, haka ake so, ka daure.

Na biyu faɗuwa. E, faɗuwa ake koyo, kuma nan nake son ka daɗe. Masu judo, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, ba su barin sabon yaro shi kada kowa sai ya iya faɗuwa, kuma ni ina ganin wannan ya kamata mu ɗauka hannu biyu. Sau da yawa karaya da gocewar ƙashi wajen masu koyo daga abu guda suke zuwa, mutum ya ji za shi ƙasa sai shi miƙa hannu a sanƙare shi tare, nauyin mutum biyu ya sauka kan wuyan hannu ko guiwar hannu ko kafaɗa. Kar ka yi haka. Ka manna haɓa ga ƙirji don kar ƙeya ta bugu, ka dunƙule jiki ka sauka kan gefe ka mirgina, ka saki numfashi lokacin da ka taɓa ƙasa. Fara daga tsugune, sannan daga tsaye, sannan aboki shi kada ka sannu cikin rairayi mai taushi, dama da hagu duka. Wanda bai tsoron ƙasa shi ke iya shiga jikin mutum da zuciya guda, mai tsoro kullum baya-baya shike yi har alƙali shi yi mishi gargaɗi.

Sai antirenman na jiki. Bayan sallar asuba ka tahi gudu cikin rairayin kori ko tudun yashi, minti 20 zuwa 30 sun isa ga mai farawa, ka ƙara sannu-sannu. Tsugunna ka tashi, goya abokinka ka yi tahiya da shi, ja igiya, yi pomp, ka motsa wuya a hankali don wuya na shan wahala ƙwarai cikin kokowa. Kar ka biye ma masu son damtse ya kumbura don hoto, kokowa ƙafa ce da ƙugu da numfashi. Cikin watan Afrilu da Mayu zahin Tawa na wuce digiri 40, saboda haka aiki da asuba ne ko bayan la'asar, da ruwa kusa, kuma ka ba jiki hutun kwana guda ko biyu cikin sati.

In tsayuwa da faɗuwa sun zauna sai a zo kamu. Riƙe guiwar hannunka kusa da haƙarƙari, kar ka ba da wuyan hannu banza, kuma ka yi ƙoƙari hannunka ya shiga ƙarƙashin hammatarshi kafin nashi ya shiga taka, wanda ya samu ciki shi ke da ƙugu. Dabara biyu ko uku sun ishe ka farko: ɗaukar ƙafa, taɗiya, da rungumar ƙugu ka ɗaga ka juya. Wajen ɗaukar ƙafa da lanƙwasa guiwa ake sauka, kanka manne da jikinshi, in ka kama kar ka tsaya ka ci gaba da turawa. Taɗiya kuwa ba ta ci sai nauyin mutum ya koma kan ƙafar da kake nema, don haka tura shi tukuna, in ya turo ka sai ka ja ka harɗe. Ka maimaita kowace har jiki ya riƙa yinta da kanshi. Babu naushi cikin kokowarmu, ba irin ta Senegal ba ce mai duka, ba kuma dambe ba ce, babu cizo babu tsokane ido, kuma ka yanke farce kafin ka shiga.

Ka tuna a kokowar takobi ba a awon kilo, ƙarami na iya haɗuwa da ƙato. Jiha takwas kowace na kawo mutum goma, 'yan kokowa 80 kenan, kuma kaye guda ya raba ka da takobin shekarar ko da zaka ci gaba da karawa don jiharka. Shi ya sa zaka ga manya ba su gaggawa, suna zagaye suna lalube suna jiran kuskure, 'yan kallo na ihu su ko a jikinsu. Haƙurin nan ma koyonshi ake, ka riƙa karawa da wanda ya hi ka nauyi da wanda ya hi ka sauri, kar ka liƙe ma abokin da kullum kake kayarwa.

Abinci namu na gida ya isa, hura da nono, tuwon hatsi, wake, zogala, nama ko ƙwai in an samu, da barci mai kyau. Amma don Allah ƙanena ka nisanci tramol da duk wata ƙwaya da za a ce tana sa ƙarhi, tana rufe maka ciwo ne kana ƙara ɓata jikinka ba ka sani ba, tana jawo farfaɗiya, kuma barinta wuya gare shi. Maganar layu da guraye, kowa ya san suna cikin al'adar kokowa, ana ganinsu ga damtse da ƙugu, ba zan tsaya gardama kansu ba. Abin da na sani shi ne mutum biyu na shiga da su kuma guda na faɗuwa. Ka yi addu'arka, ka nemi ta iyaye, kuma ranar karawa kar ka sha wani jiƙon da cikinka bai saba da shi ba.

Ladabi kuma cikin horon shike. Nan Tawa anka fara kokowar takobi a 1975 zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maradi ya zo har gidanmu ya ɗauka, kuma har yau ɗan Adar na faɗin sunanshi da girmamawa, yadda ake faɗin Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa na Damagaram da Kadade namu. Zumunci anka nufa da ita. Yi kirarinka, taka rawarka gaban makaɗa, wannan adon kokowa ne, amma ban da zagin iyaye ko garin wani. In ka kada mutum miƙa mishi hannu ka tada shi ku rungumi juna, in kai anka kada tashi ka kakkaɓe ka gaida shi, kar ka yi gardama da alƙali ko kana ganin an cuce ka, bar maigidanka shi yi magana.

Karawarka ta farko gaban jama'a bari maigida shi zaɓa maka lokaci, galibi kokowar kaka ce ta ƙauye bayan an kai hatsi rumbu, da sa'o'inka zaka fara. Daga nan ake hawa zaɓen komin, zuwa departama, zuwa goman jiha, kuma abin na ɗaukar shekaru. In ka ji ciwo ga kafaɗa ko guiwa har ya kumbura ko ba ka iya taka ƙafar, tahi asibiti lokotoro shi duba, kar ka koma hili sai ya ce ka koma, ko da ana jibi zaɓe.